Karan Kaka a Kan Tudun Rairayi

Akwai wata yarinya a unguwar Kara-Kara, cikin Damagaram. Tana aji biyar a lekwal. Ba ta da rashin kunya, ba ta da ƙiwa. Abu ɗaya ne dai ya shige mata rai, wato hoto.

Wata ƴar ajinsu, Lubna, ta je Agadas da iyayenta. Ta dawo da hotuna. Ga ta zaune kan tudun rairayi, fes, babu ko tsinke. Duk ƴan aji suka yanyame ta.

"Mu ma akwai irin wannan tudu a ƙauyen kakata," in ji yarinyar.

Lubna ta taɓe baki. "To, kawo mu gani."

Ranar Asabar, Kawu Tahiru, ƙanen mamanta, zai je gaida Kaka. Yarinyar ta yi ta naci har ya tafi da ita. Suka yi gabas. Tafiya ta yi tafiya, duwatsu suka ƙare, itatuwa suka yi ƙaranci, sai rairayi.

Kaka Zainaba na zaune a ƙofar gida.

"Wa nake gani? Ƴar birni ce? Kin zo cinye mini ɗan geron da ya rage?"

"Gaishe ki na zo yi, Kaka."

"Da wannan jan takalmin? Uhm."

Shekara uku ke nan da mijin Kaka ya rasu. An yi, an yi ta koma birni, ta ƙi. Tana da garka a gindin tudu. Akwai albasa, akwai yakuwa, akwai ƴar rijiya. Akwai kuma ɗan dabino, wanda mijinta ya dasa a shekarar da ya rasu. Tsawonsa bai wuce ƙugun yarinyar ba. Kullum da safe Kaka sai ta ba shi ruwa kafin ita ta sha.

Bayan azahar Kawu ya kishingiɗa. Yarinyar ta ari wayarsa, ta hau tudu.

Tudun ya yi kyau, har ya fi na Lubna. Sai dai an kakkafa karan gero a jikinsa, layi-layi, kamar shinge. Ta juya nan, kara. Ta juya can, kara. Duk hoton da ta ɗauka sai karan ya fito.

"Wa ya zuba wannan tarkace a nan?" ta ce a ranta.

Ba ta sauka ta tambaya ba. Ta kama tugewa. Ta tuge layi ɗaya, ta tuge na biyu, ta tuge na uku. Ta watsar da karan a bayan tudu. Wuri ya yi fes. Ta gyara ɗankwali, ta yi murmushi, ta ɗauki hotuna har ta gaji.

Da la'asar iska ta taso. Ba ta lafa ba sai washegari da hantsi.

Yarinyar da Kawu suka bi Kaka zuwa garka. Sai Kaka ta tsaya cik.

Rairayi ya gangaro ta inda babu kara. Ya binne albasa. Ya binne yakuwa. Ya kusa kai bakin rijiya. Inda dabino yake kuwa, babu komai sai tsibin rairayi.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa, ta dafa wurin da hannu.

"Wata biyu na yi ina ɗauko karan nan a kaina," ta ce. "Shi ke riƙe tudun. Shi ya hana shi cin garkar nan tun Malam na da rai."



Kaka ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu. "Awakin Salisu ne. Sau nawa ina gaya masa? Yau sai gaban mai gari. Sai ya sayar da su ko ya bar unguwar nan."

Ta kama hanya. Yarinyar ta dubi ƙasa. In ta yi shiru, ba wanda zai sani. Amma ta ga Salisu jiya, dattijo mai ɗingishi, har ya ba ta nono.

"Kaka," ta ce. "Ba awaki ba ne. Ni ce."

Kaka ta juyo a hankali. "Ke? Me karan ya yi miki?"

"Yana ɓata mini hoto."

Kaka ta daɗe tana kallonta. Da ma duka ta yi, da ya fi sauƙi.

Kawu Tahiru ya yi gyaran murya. "Inna, ki yi haƙuri. Zan turo leburori, in kawo miki albasa buhu guda."

"Na roƙe ka? Riƙe buhunka. Hannun da ya tuge shi zai kafa."

Yarinyar ta durƙusa a kan tsibin. Ta kama tonawa da hannu. Rairayi ya yi zafi, yana ƙona yatsu. Ta tona, ya koma. Ta tona, ya koma. Hawaye na zuba, ba ta tsaya ba. Kawu ya kawo ƙwarya, suka yi ta kwasa. Kaka na tsaye a gefe.

Can wani abu ya soki yatsan yarinyar. Ƙaya ce. Ta share wurin a hankali. Ga ganye, ya lanƙwashe, amma kore shar.

"Kaka, yana da rai."

Kaka ta matso da sauri, ta manta da fushi. Ta shafa ganyen. "Alhamdu lillahi," ta ce. Ta sa bakin gyale ta goge ido, wai rairayi ne ya shiga.

Albasa kam ta tafi. Yakuwa ma haka.

"Zan dawo Asabar mai zuwa in kafa karan," in ji yarinyar.

"Asabar huɗu."

"Kaka, ga lekwal. Biyu dai."

"Biyar."

"Ai ƙaruwa yake yi."

"Ƙara magana ki ji shida."

Kawu ya tuntsire da dariya. Aka tsaya a biyar.

Haka aka yi. Duk Asabar yarinyar ta zo. Ta ɗauko kara a ka, ta haƙa, ta kafa. Hannunta ya yi kanta. Jan takalmin ya koɗe. A Asabar ta biyar layuka uku suka tsaya cif, har da ƙarin na huɗu.

A ranar nan Kawu ya ɗauke su hoto. Ga Kaka, ta ƙi yin murmushi. Ga yarinyar. Ga dabino a tsakiya. Ga kara a bayansu, layi-layi.

Ta kai hoton lekwal. Lubna ta duba, ta ce, "Mene ne wannan tarkacen a baya?"

"Ba tarkace ba ne. Shi ke riƙe tudun. Ni na kafa shi."

Mushe, malaminsu, ya ji. Ya sa ta fito gaban aji ta ba da labari. Daga baya ya manna hoton a jikin bango.

To yara, kun ji. In kun je baƙunta kuka ga abin da ba ku gane ba, kada ku taɓa, ku tambaya. Wurin da kuke ɗaukar hoto, wurin cin abincin wani ne. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗi gaskiya, ku gyara da hannunku.