Hanyar da Abba Ya Koya wa Mota

Aiki ne ya kai shi gidan ranar da ya fara ganinta. An kira kamfaninsu cewa cajar motar da ke jikin bangon gareji ta daina aiki, aka tura shi da jakar kayansa. Yana durƙushe ya buɗe murfin cajar, sai ga wata farar mota mai lantarki ta shigo harabar gidan ba ƙara, ta tsaya.

Wata budurwa ce a ciki, da tarin littattafan ɗalibai a kujerar gefe. Ta sauke gilashi.

"Sannu da aiki. Don Allah ɗan janye jakarka, za ta shigo."

Ya janye. Ya ga ta taɓa allon motar, ta ɗauke hannuwanta ta ɗora a cinya. Sitiyarin ya fara juyawa da kansa. Motar ta yi wani zagaye mai faɗi kamar tana kauce wa wani abu, alhali babu komai a wurin, sannan ta dawo da baya a hankali ta shige garejin. A karkace ta tsaya, gefen direba dab da bango, ɗaya gefen kuwa fili har a shimfiɗa tabarma.

Da ƙyar budurwar ta fito ta ɗan tsukin da ya rage.

"Malama, wanda ya koya wa motar nan hanya a karkace ya koya mata," ya ce yana murmushi. "Minti biyar ya ishe ni in goge in sa mata sabuwa."

"Kada ka taɓa."

Yadda ta faɗa ya sa murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ta rungume littattafan a ƙirji, ta sassauta murya.

"Abbana ne ya koya mata. Sau ɗaya ya shigo da ita tana haddacewa, tun daga ranar haka take bi. Wancan zagayen, tukunyar fulawa ce a wurin a lokacin. Wannan filin kuma na Umma ne. Cewa ya yi matarsa ba za ta riƙa matsewa wajen fita ba, gara shi ya matse." Ta kalli motar. "Wata huɗu ke nan da rasuwarsa."

"Allah ya jiƙansa. Ki yafe mini, ban sani ba."

Ya ƙarasa aikinsa. Da zai tafi ya rubuta mata lambarsa a bayan takardar aiki, ko da cajar za ta sake yin gardama.

Cajar ba ta sake ba, amma bayan kwana biyu saƙo ya shigo masa:

"Injiniya, caja lafiya ƙalau. Ka yi haƙuri da tsawar da na yi maka, ba halina ba ne."

Ya amsa: "Ai na ci tsawar, Malama. Ina da shekara tara mahaifiyata ta rasu. Yau ko muryarta ba na iya tunawa. Da ina da abin da kike da shi a garejin nan, wanda ya ce zai taɓa sai mun yi dambe."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Tun rasuwar kowa cewa yake ta yi haƙuri, ta daure. Shi kaɗai ne bai ce ta daure ba.

Daga nan hira ta ɗore. Ita malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, kuma autar gidansu. Sai ya daina cewa Malama ya koma kiranta Auta. Ita kuwa ta ƙi sauya masa suna, ta ce Injiniya ya fi dacewa da mutumin da ke zuwa zance da abin gwada wuta a aljihun gaba.

"To idan zuciyata ta yi gardama a hanya fa, da me zan duba?" in ji shi.

Ranar ta yi dariyar da ta manta tana da ita.

Da ya nemi izinin turo manyansa, sai aka samu cikas. Yayanta, wanda ya zama babba a gidan bayan Abba, yana da wani abokinsa lauya da ya daɗe yana nuna sha'awarta.

"Mutumin da ya zo gyaran caja, Auta? Ga wanda muka sani tun muna yara, muka san gidansu?"

"Yaya, shi lauyan naka da ya zo, cewa ya yi a sayar da motar Abba a sayi wadda ta fi iya fakin."

"To ƙarya ya yi?"

Ta juya wajen Umma tana neman agaji. Umma tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago ba.

"Ni ba ruwana da lauya ko injiniya. Abbanku ya tafi, yayanki yana gidansa. Ke ma so kike ki tafi. Ku bari in ɗan saba tukuna."

Wannan maganar ta fi ta Yaya ciwo. Da yamma ta rubuta masa: "Umma ba ƙin ka take yi ba. Tsoron gidan take ji idan ya zama ba kowa."

"To mu jira ta, Autata. Ba inda za ni."

Ana cikin jiran ne kyamarar bayan motar ta fara ɗaukewa. Motar ta kan tsaya a tsakiyar zagayen ta yi ƙara, ta ƙi ƙarasawa. Dole a kai ta wurin aikin su Injiniya. Auta ta miƙa masa makullin amma ba ta saki ba.

"Ka yi mini alkawari."

"Kyamara kawai za a canza. Hanyar Abba ba wanda zai taɓa. Na yi miki alkawari."

Ranar da aka gama tana sa ido a ɗakin jarrabawa, don haka Yaya ne ya je ya ɗauko motar ya bar mata a harabar gida. Da ta dawo ta shiga, ta taɓa allon kamar kullum. Sitiyarin bai motsa ba. Rubutu ne kawai ya fito: babu hanyar da aka adana.

Ta sake taɓawa. Ta kashe motar ta kunna. Ta sake. Ta kira shi.

"Injiniya, ina hanyar Abba?"



"Yanzu na dawo daga wani aiki na gani a takarda. An goge komai, Auta."

"Wa ya goge?"

"A hannuna kika bar ta. Laifina ne."

"Za ta dawo?"

"Ba ta dawowa."

Ba ta yi masa tsawa ba wannan karon. A hankali ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka," ta kashe wayar.

Ya turo saƙo washegari: "Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Ina nan duk ranar da kika iya jin muryata." Ta karanta ba ta amsa ba. Ya sake turowa bayan mako guda: "Ki riƙa cin abinci, don Allah. Wannan kaɗai." Shi ma ba ta amsa ba.

Wata biyu suka wuce. Ta daina shigar da motar gareji, ta riƙa barinta a rana, sai dai ta jawo igiyar caja ta bakin ƙofa. Ta rame har ɗalibanta suka fara tambaya ko ba ta da lafiya. Da Yaya ya sake kawo maganar lauya, cewa ta yi, "Duk yadda kuka yi daidai ne," ta tashi ta shige ɗaki.

Wata ranar Asabar hadari ya haɗo bayan la'asar, iska ta fara jifa da rassan bishiya. Umma ta ce a shigar da motar kada wani abu ya faɗo mata. Auta ta shiga, ta kama sitiyarin da hannunta, ta yi ƙoƙarin tuna yadda Abba yake yi. Ta zagaya, ta yi baya, ta ga ba haka ba ne. Ta fito ta sake. A karo na uku ta tsaya rabi a ciki rabi a waje, ta kifa kai a kan sitiyarin ta fashe da kuka.

Aka buɗe ƙofar gefe. Yaya ne, ya zo gaida Umma. Ya zauna ya rufe ƙofar.

"Ni na sa aka goge."

Ta ɗago.

"Injiniyan naki ba ya nan lokacin da na je. Wani abokin aikinsa na samu, na ce a mayar da ita kamar sabuwa, na sa hannu. Da ya gani ya kira ni. Na zaci zagina zai yi. Cewa kawai ya yi ba zai faɗa miki ba, kin rasa uba, ba zai sa ki rasa yaya ba."

"Me ya sa, Yaya? Saboda lauya?"

"Wallahi ba don shi ba." Ya kalli sitiyarin. "A motar nan na kai Abba asibiti, Auta. Ni kaɗai na dawo da ita. Na iso nan hannuna ya kasa, na danna, ta shiga da kanta. Ina zaune ina kallon sitiyari yana juyawa kamar hannunsa ne a kai. Tun ranar, duk zuwan da zan yi in ga tana wannan zagayen, sai in ji kamar a ranar ya rasu. Ke tana sanyaya miki zuciya, ni tana kashe ni. Na kasa faɗa miki."

Ba su lura da Umma ba sai da ta dafa gilashin. Ta fito kiransu ne saboda yayyafi, ta ji komai.

"Ni ma labulen ɗakina nake saki idan na ji ta shigo," ta ce. "Ashe kowa da inda yake ɓuya ya yi kukansa, gida ɗaya." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kai, fito ka shigar da motar nan, ko a karkace ko a miƙe. Ke kuma kira yaron nan. Wanda ya ɗauki laifin da ba nasa ba don kada 'ya'yana su rabu, ba zan tsaya ina masa rowar 'ya ba."

Auta ba ta iya kira ba. Saƙo ta tura: "Yaya ya faɗa mini. Ban san da wane ido zan kalle ka ba."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Da waɗannan dai da na sani. Gobe in zo?"

Ya zo. Shi ma ya rame. Suka zauna a falo, ta kasa ɗaga kai.

"Wata biyu ina jin haushinka a banza."

"Ba a banza ba. Na yi alkawari ban tsare ba. Da na tsaya a kan motar har a zo ɗauka, da ba haka ba."

"Da gaske ba za ta dawo ba?"

"Na bincika ko'ina, har masu ƙera ta na rubuta wa. Ta tafi, Autata. Da zan iya saƙa miki ita da hannuna, da na yi."

Ta yi kuka sosai, bai hana ta ba. Da ta gama ya miƙa mata hankici, ta duba ta ga tabon baƙin mai a gefensa. Ta yi dariya cikin hawaye, ta goge fuskar da shi a haka.

Yaya da kansa ya je ya ba abokinsa lauya haƙuri, shi ya kuma karɓi manyan Injiniya. Ya ƙi kallon Injiniya cikin ido har sai da shi ya miƙa masa hannu ya ce, "Yaya, ya wuce." Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da aka tambayi wanda zai ba da ita, Yaya ya buɗe baki ya ce, "A madadin mahaifinmu," sai ya kasa ƙarasawa, aka jira shi har ya samu murya.

Da za a tafi da ita Auta ta riƙe Umma ta ƙi saki.

"Wa zai riƙa kai ki unguwa? Wa zai zauna da ke?"

"Ke dai tafi. Motar ki bar mini ita, ina da shirina."

Auta ta ɗauka lallashi ne kawai. Ba ta san cewa tun da aka sa rana, kullum idan ta tafi makaranta Yaya yana zuwa ya fita da Umma wani fili a bayan unguwa ba.

Kwana uku da tarewa, da hantsi, tana haɗa wa mijinta shayi wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, ta zauna a kujera ta rufe baki da hannu. Ya taso da sauri, ta miƙa masa wayar.

"Auta, Ummanki ce. Yau na tuƙa motar na je kasuwa na dawo da kaina, yayanki yana gefe yana ta salati. Na shigar da ita gareji da hannuna. Na ɗan goge madubi a bango, ki ce wa mijinki ya zo ya duba, amma ba yau ba. Kada ki damu da ni. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya sa ku tsufa tare. Da Abbanki yana nan da ya so shi."