Gasket a Dajin Beri

"Kowa ya sauko! Fuska a ƙasa!"

Tau! Tau! Sati ya saki wuta sama. Rana tsaka ce a kan hanyar Rijau, motar kuma ta 'yan kasuwa ce masu zuwa sarin dawa. Direbanta, Benjamin, ya yi ƙoƙarin sa ribas. Sati bai ma yi masa magana ba, ya harbe shi ta gilashi. Motar ta gangara ta tsaya a kwalbati.

Su uku ne 'yan fashin. Sati shi ne oga, mutumin da bai taɓa jin maganar wani har ƙarshenta ba. Abel shi ke bin aljihu da jaka. Sai Tanimu, direbansu, wanda ya taɓa koyon kanikanci a Kontagora ya gudu kafin a yaye shi.

"Tanimu, dalla taya ni kwasa!" in ji Abel, da bakinsa da ba ya riƙe komai.

Tanimu ya sunkuya zai fizge jakar wata dattijuwa mai suna Fure. Ta riƙe gam. Suna ja-in-ja rawanin fuskarsa ya warware. Ta dube shi, ta saki jakar.

"Tanimu? Ɗan Tabita na Ibeto? Kai ne?"

"Mu ware!" Sati ya daka tsawa.

Suka faɗa tsohuwar jif ɗinsu mai fo-wil, suka yanki daji. Tanimu ya take ta iyakar ƙarfinta a cikin yashi da kwazazzabai. Motar ta tsufa, ba ta saba da irin wannan wulaƙanci ba. Allurar zafi ta haura ja. Farin hayaƙi ya fara tuttuɗowa daga salansa kamar ana ƙona ɗanyen kara.

"Oga, sai mun tsaya!"

"Ka tsaya in fasa maka kai. Taka!"

Ya taka. Da ƙyar ta kai su wata gona da aka yi wa ƙaura a dajin Beri, ta yi tari, ta mutu a gindin mangwaro.

Tanimu ya jira ta huce, ya zaro sandar awon mai. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara.

"Gasket ya ƙone," in ji shi. "Ruwa ya haɗu da mai. Sai an sauke kan inji."

"A kira makaniki mana," in ji Abel.

"Ka ji sakarai," in ji Sati. "Mu kira makaniki ya zo ya ƙirga mu? Ga makaniki nan. Kai, ba ka ce ka iya ba?"

"Na ga ana yi, oga. Ban taɓa yi ni kaɗai ba."

"To yau za ka yi. In ba ta tashi ba, a nan zan binne ka."

Ba wannan barazanar ce ta fi tayar wa Tanimu da hankali ba. Ya ga irin kallon da Sati ya yi masa lokacin da Fure ta kira sunansa da na uwarsa. Ya san abin da ake yi wa wanda aka gane. Muddin injin nan yana buɗe, yana da rai. Ranar da ya rufe shi, amfaninsa ya ƙare.

A can kan hanya, Sufeto Andrew ya tsaya a kan gawar Benjamin yana huci. Fure tana zaune a ƙasa, ta kasa ko kuka.

"Mama, kin tabbata Tanimu ne kika gani a cikin 'yan fashin?"

"Ni na yi wa uwarsa wankan jegonsa, ɗana. Zan manta fuskarsa?"

"Motar fa?"

"Tsohuwar jif, ruwan ƙasa. Wani mai shanu ya ce ya ga ta wuce tana farin hayaƙi."

Da Sufeto ya koma Kontagora bai tsaya ofis ba, ya wuce layin masu sayar da kayan gyaran mota. Ya bi su shago shago.

"Duk wanda ya zo neman gasket na tsohuwar jif, ku kira ni. Kar ku hana shi. Ku sayar masa."

Washegari Tanimu ya hau aiki. Ya tsiyaye sauran ruwan lagireto mai sanyaya inji, ya zubar da gurɓataccen man. Ya cire bututai da wayoyi, yana jera kowane noti a kan buhu daidai da inda ya fito, don ya san in suka cakuɗe ya shiga uku. Notocin kan injin sun ƙi motsi, sai da ya zura bututun ƙarfe a jikin sifana ya hau da dukan nauyinsa. Da shi da Abel suka ɗaga kan injin suna nishi. Ga gasket nan, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone tsakanin ramuka biyu, baƙi ƙirin.

"Wane iri zan sayo?" in ji Abel.

"Ba a sayensa da baki. Sai ka kai tsohon su gwada da sabo. Ka haɗo da baƙin mai da sanfefa."

Abel ya naɗe tsohon gasket a buhu, ya taka zuwa titi ya tari ɗan acaba. A Kontagora ya shiga shagon wani Shadrach. Shadrach ya juya gasket ɗin a hannu, ya dubi Abel, ya yi murmushin 'yan kasuwa.

"Kai, wannan inji ya kwana biyu. Zauna, mai gida, bari in duba sito."

Ya shiga ciki ya ɗauko kaya, ya kuma kira Sufeto a waya. Da Abel ya fito, wani ɗan sandan farin kaya a kan babur ya bi shi daga nesa. Abel ya ɓace masa a wata 'yar hanya kusa da Beri. Sufeto bai damu ba. Hanyar mota ɗaya ce ke fita daga dajin nan, ta kan wata ƙaramar gada. Nan ya kafa mutanensa.

Da Abel ya dawo gona da kayan, Tanimu ya ciro gilashin taga daga kangon gidan, ya shimfiɗa sanfefa a kai yana goge fuskar kan injin, don zafi ya ɗan lanƙwasa ta. Yana yi yana jan lokaci. Sati yana zagaya shi da bindiga a kafaɗa.

"Kai ɗan iska, inji kake gyarawa ko amarya kake wa lalle?"

"In bai kwanta daidai ba, oga, zai sake ƙonewa."

"Bakinka ne zai ƙone. Yi sauri!"

Tanimu ya sunkuyar da kai. Ya tsani mutumin nan har cikin ƙashinsa, kuma yana tsoronsa fiye da yadda ya tsane shi. Amma ya riga ya yanke shawara. Aikin ƙarshe shi ne zuba ruwa a lagireto, ruwa kuwa sai a rafin da ke bayan gonar. Zai bar wannan sai ƙarshe. Zai ɗauki jarka ya ce zai ɗebo ruwa, in ya tsallake rafin ya shiga duhuwar ciyawa, sai dai su ji labari.

Ya ɗora sabon gasket. Suka mayar da kan injin. Ya fara ɗaure notoci daga tsakiya yana fita gefe, kaɗan kaɗan, ya zagayo ya ƙara, ya sake zagayowa.

"Me ya sa ba za ka ɗaure kowanne gaba ɗaya ba?" in ji Abel.

"Haka ake yi."

"Wayo ne kawai, oga. Ɓata mana lokaci yake."

Tanimu ya mayar da bututai, ya haɗa wayoyi, ya zuba sabon mai. Ya ɗaure igiyar takalminsa tamau, ya ɗauki jarka.

"Bari in je rafi in..."

Sati bai saurare shi ba. Ya riga ya shige mota ya murɗa makulli.

Gir-gir-gir... Vuuum!

Injin ya tashi, lafiya lau, babu hayaƙi. Abel ya yi ihu ya buga bonet ya rufe. Sati ya sauko yana murmushi, abin da Tanimu bai taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ashe ka iya, ɗan Tabita."

"Oga, tukuna! Ban gama ba, saura—"

Tau!

Tanimu ya faɗi a kan jarkar. Sati ya ƙara masa ɗaya, ya tofar da yawu.

"Tsohuwar nan ta san gidansu. Shiga mu tafi."

Abel ya shiga. A wurinsu mota in ta tashi an gama gyara. Babu wanda ya buɗe murfin lagireto, babu ma wanda ya san akwai abin dubawa a wurin. Allurar zafi kuwa ba ta nuna musu komai ba, don babu ruwan da za ta auna.

Sun yi nisa kaɗan wari ya fara shigowa. Sai ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan tukunya da guduma.

"Oga, me ke nan?"

"Rufe mini baki!"

Sati ya ƙara wuta. Ga gada a gabansu. Gam! Injin ya buga, tayoyi suka ja ƙasa, jif ta tsaya cak a tsakiyar gadar.

"Kar wanda ya motsa! 'Yan sanda ne!"

Abel ya ɓalle ƙofa ya dira yana harbi — tau! tau! — aka amsa masa daga gefe biyu. Bai kai bakin gadar ba. Sati ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, ko tari injin bai yi ba. Aka fizgo shi ta taga, aka kifa shi a kan kwalta, aka sa masa ankwa.

Sufeto Andrew ya ɗaga bonet, zafi ya buge shi a fuska. Ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto ya leƙa. Ƙaf, ko ɗigo babu.

"Wa ya gyara muku wannan?"

"Wani munafuki," in ji Sati, bakinsa na jini. "Ya cuce ni, shege!"

"Ya ɗaure muku inji tsaf. Ruwa kawai ya rage. Ina yake?"

Sai a lokacin Sati ya tuna da jarkar da ke hannun Tanimu.

Gawa uku aka ɗauka a harkar nan. Benjamin ya bar mata da goyo. Abel ba a sami mai zuwa karɓarsa ba. Sati yana tsare, yana jiran abin da kotu za ta yanke. Tanimu kuwa, da 'yan sanda suka bi sawun taya zuwa gonar, sun same shi kife a gindin mangwaro, hannunsa duk baƙin mai, yana riƙe da mariƙin jarka. Daga inda yake kwance ana jin ƙarar rafin.