Rabin Awa a Gaban Kwamfuta

Kwamfuta ɗaya tal ce a laburaren kwalejinsu da ke Birnin Kebbi, a cikinta aka zuba dubban takardun binciken masana. Kowane ɗalibi rabin awa ake ba shi. Ranar da Ikrima ya fara ganin Riskuwa, lokacinta ya ƙare ba ta samo komai ba, idanunta sun ciko da ƙwalla.

"Mi kike nema?" ya tambaye ta a hankali.

"Abin da ke ruɓar da albasa a rumbu. Bara rabin ta Babana ta lalace a garinmu Gulma."

Ya bar mata layinsa, ya nuna mata yadda ake haɗa kalma biyu a yi nema. Tun daga ranar rabin awarsa ta zama tata. Yana tsokanarta da 'Yar Gulma, ita kuwa ta harare shi tana danne dariya.

Ana cikin haka sai Tamba, ɗan ajinsu da ta taɓa ƙin sauraren soyayyarsa, ya riga ta miƙa aiki irin nata, kalma da kalma. Kwamitin makaranta ya dakatar da ita bisa zargin satar aikinsa. Tamba ya tare ta ya ce ai Ikrima ne ya ba shi.

Saƙonta ya shigo wayar Ikrima: "Kai kaɗai na nuna wa aikina. Na bar ka da Allah. Kada ka sake nemana."

Mahaifinta Malam Labbo ya zo ya tafi da ita. "Karatun ya isa haka," in ji shi. "Yaron kuma, kada in ga ƙafarshi ƙofar gidana."

Kwana uku abinci ya gagari Ikrima. Ya yi ta roƙon Malama Laure mai kula da laburare har ta yarda suka bincika. Ga aikin Riskuwa nan cikin kwamfutar, ta manta ba ta goge ba, da kwanan watansa. Littafin sa hannu kuma ya nuna Tamba ne ya zauna bayan tashinta. Kwamiti ya wanke ta.

Ya rubuta mata: "An wanke ki, ƙanwata. Ban yi fushi ba, zafi dai na ji."

Sai washegari amsa ta zo: "Kunya ta hana ni magana. Ka yafe mini, masoyina."

Duk da haka sau biyu kawun Ikrima yana tasowa daga unguwar Badariya neman aure, Malam Labbo yana mayar da shi. A na uku Malam Labbo ya sunkuyar da kai.

"Ni da na haife ta na yi shakkarta," ya ce. "Shi bai yi ba. Na ba shi."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure. Da motar amarya za ta kama hanyar Birnin Kebbi, Malam Labbo ya riƙe hannun Ikrima ya kasa saki.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Ya tsare ku daga zargin juna."