Ƙarfen Ƙafar Raliya

A ƙofar asibitin Managil Mato ya fara ganin Raliya, tana zaune a ƙasa, ƙarfen ƙafarta ya cije a gwiwa. Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama. Shi kuwa bakaniken injin ban ruwa ne, an kira shi gyaran gadon marasa lafiya.

"Baiwar Allah, in duba?"

"Duba ƙarfen, ban da mai shi."

Ya duba duka biyun, Allah ya yafe masa. Taɓon gonakin Jazira ne ya toshe mahaɗin, tsatsa ta ƙarasa shi. Ya gyara, amma daga ranan kullum sai ya sami abin da bai ɗaure ba.

Kafin auduga ta fashe ya zama "bakanikena", ita kuma "Raliyata".

Da ya kawo maganar aure, Inna Mero, mahaifiyarsa, ta ce atafau.

"Mu masu hawasha muke, gonar audugar nan ita ta ci da mu. Macen da ba ta tsinkar auduga, mi za ni yi da ita? Ga Hannatu ɗiyar kawunka."

"In ta tsinke layi guda fa, Inna?"

"To, na yarda."

Ya amsa ba tare da ya tambayi mai ƙafar ba.

Ya duƙufa a kan ƙarfen. Ya zuba mahaɗin tagulla, ya yi masa murfi don kada laka ta shiga, ya yanko ƙusa daga sandar injin. Ya binne ƙarfen a taɓo, ya rataya masa buhun dawa, ya bi shi da guduma. Ko gezau.

Da Raliya ta ji dalilin, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe tallata za a yi, a gwada ni kamar jaka a kasuwa?"

"Don mu ne, Raliyata."

Ta shiga gonar da hantsi, matan ƙauye sun jeru a bakin rafi, Hannatu na rufe baki da gyale. Ƙarfe bai cije ba, bai lanƙwasa ba. Sai dai Mato ya gwada shi da komai ban da fatar mutum. Ta kai ƙarshen layi zanenta ya jiƙe da jini.

Inna Mero ta taɓe baki. "Wannan ai ƙarfe ne ya yi aikin." Ta juya abinta.

Mato ya durƙusa yana kwance maɗaurin. Kunya da baƙin ciki suka hana shi ɗaga kai.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, baffansa Abdussalami ya tsaya masa. Inna Mero ta kulle ɗakinta. Mahaifin Raliya ya dafa kan angon, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya zuciyar da ta ƙi."

Da aka watse, Mato ya miƙa mata ƙarfen, ya naɗe shi da fatar akuya mai laushi.

Ta shafa fatar, ta daɗe.

"Na yafe maka, bakanikena. Amma duk wanda ya sake cewa in yi tafiya ya gani, kai za ka amsa masa."

"Na ɗauka," ya ce, ya ɗaura mata a hankali.