Yayen Najiba

Ranar Lahadi, shida ga watan Oktoba na 2024, da hantsi, aka fara zaluntar Raudatu, kuma da fara'a aka fara.

Tana tsakar gidan mahaifinta a Malumfashi tana wanke farar rigarta ta asibiti, 'yarta Najiba na ta barbaza masarar da aka shanya, sai ga sallamar Hajiya Tsohuwa, uwar tsohon mijinta Awaisu, tun daga Funtua.

Tun da bazara auren ya mutu. Raudatu ta sami aikin jinya a Malumfashi, Hajiya ta ce matar ɗanta ba ta kwana a wani gari, ko aikin ko auren. Awaisu ya yi ta lallashi har ya gaji, ya yi saki ɗaya idonsa jawur, ita kuma ta goya 'yarta ta dawo gida. Ba wanda ya yi maganar yarinyar a lokacin, don tana shan nono.

"Yaye na zo karɓa," in ji Hajiya bayan an gaisa. "Dubi haƙora cike da baki, amma tana nan maƙale da ƙirji. Ke Najiba ƙawata, ba ki jin kunya?"

Raudatu ta sunkuyar da kai. "Hajiya, ai Inna za ta iya yaye ta a nan."

"A gida ɗaya da ke? Ta ji ƙamshinki ta hana unguwa barci? Ba ni ita. Sharaɗina ɗaya ne: kada ki tako min gida, kada ki buga waya ta ji muryarki, sai na aiko."

Inna, mahaifiyar Raudatu, ta ce, "Ba ta mana, kakarta ce. Haka aka yaye ki."

Raudatu ta ba ta yarinyar. Ta ɗaure ƙirjinta da zane, nono ya kumbura ya yi tsami, ta riƙa zuwa aiki tana wanke jariran mutane tana haɗiye kuka. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Ta kira Awaisu.

"Baban Najiba, har yanzu shiru."

"Ki ƙara haƙuri, Hajiya ta ce tukuna. Tana lafiya, har ta fara shan kunu da kanta."

Daga baya ya daina ɗaukar wayar. Suwaiba, tsohuwar maƙwabciyarta a Funtua, ita ta kira ta ta fasa mata ƙwan.

"Raudatu, jiya a gidan sunan Alhaji Buba, mata cike da tsakar gida, Hajiya ta ce kin yar da 'yarki kin tafi Malumfashi neman miji. Wai sau biyu tana aika miki, kika ce kina diyuti a asibiti."

Raudatu ba ta yi kuka ba, ta gaji da shi. Ta zauna a bakin rijiya har aka kira la'asar. Kafin makon ya ƙare sai ga sammaci: Awaisu ya kai ƙara, yana neman a bar masa riƙon yarinyar a Funtua, tun da uwar ta ƙaura kuma ta yi wata biyu ba ta leƙo ba.

Ran zama, alƙali ya saurari Awaisu, wanda ya yi maganarsa yana kallon takalminsa. Sannan ya dubi Raudatu.

"Gaskiya ne ba ki je ba?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Yaye aka ce, aka hana ni."

"Hajiya, ke kika yaye ta?"

Hajiya ta gyara mayafi. In ana maganar yaye ba ta iya yin shiru, unguwarsu duk an sani.

"Ni kuwa. Kaf jikokina ni na yaye su, ba wanda ya rame. Ni in na karɓi yaro, uwarsa ba ta taka min ƙofa sai na aika. Ko muryarta ban yarda ya ji ba."

"Ita ma haka kika gaya mata?"

"Haka nake gaya wa kowa."

"To, wa kika aika?"

Hajiya ta juya. Ta dubi ɗanta. Awaisu ya ɗago kai a karon farko.

"Hajiya, kin ce min kin aika."

"Ai da niyyar in aika nake."

Alƙali ya ce biyayyar da aka nema daga mutum ba a juya ta ta zama laifinsa. Reno na uwa ne, Malumfashi kuma ba bangon duniya ba ce; uba ya hau mota ya je ya ga 'yarsa duk ran da ya so.

A bakin kotu aka miƙo Najiba. Ta kalli Raudatu, ta juya ta ƙanƙame zanen kakarta. Sai da suka wuce Bakori a mota ta yarda ta kwantar da kai a ƙirjin uwarta. Wannan kam babu hukuncin da zai biya shi.

Awaisu ya shiga zuwa duk Juma'a da buhun gawayi ko ledar lemo, ya zauna a zaure yana wasa da 'yarsa. Idda ta daɗe da cika, saboda haka da ya so a mai da aure sai da ya roƙa.

"Maman Najiba, sori. Na sami shago a nan kusa da tasha, zan dawo da sana'ata ta sayar da taki nan. Ki ci gaba da aikinki."

Ta dube shi. Son yana nan, bai je ko'ina ba, ya dai gaji ne kamar ita.

"Na ji, kuma zan dawo. Amma sori ɗinka a zaure ne, ni kuwa a tsakar gidan Alhaji Buba aka ɓata ni. Ban ce Hajiya ta durƙusa min ba, uwa ce. Ta koma gaban matan nan ta ce ita ta hana ni zuwa."

Haƙuri ya dawo wa Raudatu da 'yarta, ya kawo mata mijinta har ƙofar gida. Amma duk wanda aka ba amanar yaro da sunan al'ada ya sani amana ce, ba ganima ba, kuma sunan mace ba ya wankuwa a ɓoye in a fili aka shafa masa baƙi. An sake haihuwa a gidan Alhaji Buba, suna ran Alhamis. Matan za su taru, tabarmin ma su ne. Abin da ya rage shi ne Hajiya Tsohuwa ta miƙe a nan, da muryar da ta faɗi waccan maganar, ta ba Raudatu haƙuri kowa ya ji.