Ƙamshin Dashi a Ɗakin Kaka

A wani ƙauye kusa da Roni, akwai wata yarinya mai yawan tunani. Ana yi mata magana, hankalinta yana can wajen gajimare.

Kakarta ta tsufa, idanunta sun daina gani. Wata rana ta ce, "Jikata, ina kewar ƙamshin ɗakin Innata. Da ƙaron itacen dashi take turare. Ina ma in sake jinsa."

"Ni zan samo miki, Kaka!"

"To, saurara. A kan dutse dashi yake fitowa, inda ƙasa ta bushe. Gajere ne, mai ƙaya. Ki kankare ɓawonsa ki shinshina."

Amma yarinyar tana kallon balbelu suna wucewa a sama. "Mai ƙaya" kawai ta ji.

Ta nufi bakin rafi, don can ya fi sanyi. Ta ga bagaruwa mai ƙaya, ƙaro yana ƙyalli a jikinta kamar zuma. Ta ɓamɓaro da murna, ko shinshinawa ba ta yi ba.

Da ta koma gida ta zuba shi a garwashi. Hayaƙi mai ƙauri ya cika ɗakin. Kaka ta yi ta tari har da hawaye.

"Ke 'yar nan, ƙyafe ni za ki yi kamar kifi? Ba shi ba ne."

Kunya ta kama yarinyar, ta fashe da kuka.

Babanta ya zo ya ce, "Ina Kaka ta ce ki je?"

"Ban saurara ba, Baba."

Washegari suka hau dutse tare. A tsakanin duwatsu suka ga wani gajeren itace mai ƙaya, ganyensa uku-uku. Ta kankare ɓawon da farce. Wani ƙamshi mai daɗi ya tashi, har ta lumshe ido.

"Shi ne, Baba! Shi ne!"

Suka ɗebo ƙaronsa suka koma gida. Da aka turara shi, Kaka ta ja dogon numfashi. Ta yi murmushi.

"Ga Innata can tana kaɗin auduga a bakin ƙofa," in ji ta a hankali. "Allah ya yi miki albarka."

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa kowane tsiro yana da wurinsa. Kuma idan babba yana magana, sai a saurara har ya gama.