Zoben Roba da Kiret ɗin Ƙwai

A gidansu 'Yar Tambaya ake ce mata. Tun tana ƙarama bakinta ba ya gajiya da "Me ya sa?" Me ya sa fanka take juyawa? Me ya sa rediyo yake magana, alhali ba shi da baki?

Babanta mai gyaran fanka da dutsen guga ne, a wani ɗan shago a bakin titi. Kullum akwai tsohon kiret ɗin ƙwai a kan teburinsa. In ya kwance noti, sai ya sa shi a ramin farko, na biyu a rami na biyu. In ya zo ɗaurawa, sai ya fara daga na ƙarshe ya koma baya.

Ranar da ta samu gurbin karatun injiniya a jami'a, ta dubi kiret ɗin ta yi dariya.

"Baba, a jami'a ai ba a aiki da kiret ɗin ƙwai. Can kayan zamani ne zalla."

Baba ya yi murmushi. "To, Injiniya. Allah ya ba da sa'a."

Jami'a ta ba ta mamaki. Ajinsu ya fi mutum ɗari biyu. Malami zai shigo, ya cika allo da lissafi, ya goge, ya fita. Ba wanda ya san sunanta. In ta ɗaga hannu, sai a ce lokaci ya ƙure. Tambayoyi suka taru mata, ba mai amsawa, har ta fara kewar shagon Baba.

Wuri ɗaya ne yake sanyaya mata rai: ɗakin gwajin injuna. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne da ɗalibai suke kira Malam Sannu-Sannu, domin kome aka yi sai ya ce, "Sannu-sannu, kwana nesa."

Wata rana ya raba su huɗu-huɗu. Ya ba kowane rukuni ƙaramin injin jan ruwa da bokiti biyu, ɗaya cike da ruwa, ɗaya babu kome.

"Jibi za ku kunna shi a gabana, ku auna ruwan da yake ja. Shi ne makinku na farko. Amma kada kowa ya taɓa notinsa."

Da aka fita hutun rana, 'Yar Tambaya ta tsaya ita kaɗai. Ta dubi injin. Yaya ruwa yake hawa sama, ba ƙafa, ba tsani?

"Leƙawa kawai zan yi," ta ce a ranta.

Ta ɗauki sukudireba ta kwance murfin. Ta zubar da notin a kan tebur, wannan kan wancan. Sai ta zaro ido don murna.

"Ashe fanka ce a ciki! Irin ta Baba, sai dai ƙarama!"

Nan ta ji takun mutane. Ta mayar da kome cikin gaggawa, ta ɗaure. Da ta duba tebur, sai ga wani baƙin zoben roba ya yi saura.

"Wannan ɗan abin me zai yi?" Ta jefa shi cikin jakarta.

Ranar gwaji, injunan kowa suka ja ruwa lafiya lau. Da Dogo, shugaban rukuninsu, ya kunna nasu, sai ruwa ya yi tsartuwa ta gefe, ya jiƙa shi daga kai har takalmi. Aka kwashe da dariya. Bokiti na biyu kuwa ko ɗigo bai samu ba.

Malam Sannu-Sannu bai yi dariya ba. "An buɗe injin nan. Wa ya buɗe?"

Su huɗun suka dubi juna.

"To, ku huɗun babu maki, sai in wanda ya yi ya zo ya same ni kafin gobe da rana."

Wata ƙawarta da ke rukunin ta fashe da kuka. "Kwana biyu ina karatun gwajin nan!" 'Yar Tambaya ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta ƙwarai.

Da aka tashi, ta wuce shagon Baba. Ta ajiye zoben a tafin hannunsa, ta faɗa masa kome.

Baba ya juya zoben. "A cikin inji babu ɗan rakiya, 'yata. Kowa da aikinsa. Wannan shi yake hana ruwa zurarewa."

"Baba, so nake kawai in ga cikinsa."

"Na sani, ai ni na haife ki. Amma an ce kada ku taɓa. Kuma yanzu mutum uku suna ɗauke da laifinki. Wannan ya fi zoben nauyi."

Ta dubi kiret ɗin da ke kan teburinsa. Can ta ce a hankali, "Baba, ka ara mini kiret ɗinka."

Da safe ta sami Malam a gaban 'yan rukuninsu.

"Malam, ni ce na buɗe. Ga abin da ya yi saura. Don Allah kada a hana su maki."

"Za a rage miki maki biyar, ke kaɗai," in ji Malam. "Kuma za ki share ɗakin nan sati guda. Yanzu gyara shi ina gani."

Ta fito da kiret ɗin ƙwai daga jaka. Dogo ya tuntsire da dariya. "Ƙwai za ki sayar mana?"

Malam ya dubi kiret ɗin. Ya jawo durowar teburinsa, ya fito da nasa kiret ɗin, wanda ya fi na Baba tsufa.

"Shekara ashirin muna tare da shi," ya ce.

Dariyar Dogo ta tsaya cak.

Ta kwance notin ɗaya bayan ɗaya, kowanne a raminsa. Ta mayar da zoben, ta ɗaure daga ƙarshe zuwa farko. Dogo ya matsa can nesa kafin ta kunna. Ruwa ya hau, ya zuba a bokiti na biyu. Ƙawarta ta rungume ta.

"Son sani shi ne jarin injiniya," in ji Malam. "Amma ki tambaya kafin ki taɓa, ki yi aiki da tsari, in kin yi kuskure ki faɗi gaskiya. Kowace Laraba ki kawo tambayoyinki, mu buɗe injunan tare."

Da yamma ta mayar wa Baba kiret ɗinsa.

"Riƙe shi, Injiniya," ya ce. "Ni zan samo wani."